Yatsan da Iya Habsatu Ta Ƙi Yi wa Lalle

Ina kasuwar Dembé da hantsi, ina zaɓen garin lalle, wayata ta yi ƙara. Bintu ce, babbar ɗiyar Iya Habsatu. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya Rakiya, Iya ta cika." Na zauna a kan buhun wani mai kaya ban nemi izininsa ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba ita ta haife ni ba, amma a hannunta na koyi ƙunshi, kuma da sana'ar nake ciyar da 'ya'yana. Karatuna bai yi nisa ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Layinmu a unguwar Diguel ya tara jama'a. Akwai mu Hausawa, akwai Kanembu, akwai Larabawa da Gorane masu shaguna, akwai 'yan ƙabilar Sara da ke wajen coci. Idan zaɓe ya matso, kowa ya san inda kowane gida ya karkata. Masu shago galibi suna bin wanda ke kan kujera, su ce ba sa son abin da zai rufe kasuwa. Gidajen wajen coci sun fi jingina da 'yan adawa. Samari wani lokaci su fita da zafi, wani lokaci su ce ba amfani. 'Yan Nijar masu zuwa fatauci ba su da ƙuri'a, amma sun fi kowa gardama a wajen mai shayi. Iya takan yi dariya ta ce, "Mara katin zaɓe shi ya fi baki." Duk waɗannan gidaje tana shigarsu da ƙwaryar lallenta, babu wanda ta taɓa tsallakewa don tutar da ke ƙofarsa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar zaɓena na farko. An yi biki a gidanmu kwana uku kafin nan, yatsuna goma baƙi ƙirin da ƙunshi. Na shiga layi a makarantar unguwa, na miƙa katina. Wakilin wata jam'iyya ya dubi hannuna ya ce da Larabci, "Kalas, wannan ta riga ta jefa. Ga tawada nan." Wani a bayana ya ce, "Mutanen Najeriya ne, sun saba." A nan aka haife ni. Kakana ya taso da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a garin nan, a nan kabarinsa yake. Na juya zan tafi, na ƙudurta ba zan sake tako wurin ba har abada.

Ashe Iya tana cikin layin, sai ta kama gyalena. Ta ɗaga hannayenta biyu sama, su ma baƙi. Ta ce wa mutumin, "Ɗana, ke nan ni sau goma na jefa? Kawo hancinka ka sansana. Tawadar gwamnati tana ƙamshin mahlabiyar da muke sa wa lalle?" Mata suka fashe da dariya. Madam Solanj, maƙwabciyarmu 'yar Sara, tana zaune a matsayin wakiliyar 'yan adawa, kuma ta san mutanen gidanmu ba nata ɗan takarar suke so ba. Duk da haka ta miƙe ta ce, "Na ci shinkafar bikin. Lalle ne." Shugaban rumfar ya ba ni takarda, na jefa, ya shafa mini tawadar a tsintsiyar hannu.

Tun daga nan, idan zaɓe ya kusa, Iya ba ta yi wa mace ƙunshi a yatsan da ake tsomawa a tawada, ko amarya ce. In an yi ƙorafi ta ce, "Tara na mijinki, ki bar wa ƙasa ɗaya." Wasu iyayen amare sun yi fushi sun koma wajen wata. Ba ta canza ba. Da na tambaye ta wa zan zaɓa, ta ce, "Hannunki nake wa ado, ba kanki ba."

Jiya a zaman makoki matar wani mai shago ta ce Iya 'yar jam'iyyarsu ce tun asali. Madam Solanj ta share hawaye ta ce a'a, da su take. Aka juya ga Bintu. Ta ce, "Wallahi ni ma ban sani ba." Matar mai shagon da Madam Solanj suka ci gaba da tsintar shinkafar sadaka a faifai ɗaya.

Iya, na gode. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce gidanki. Allah Ya ba Bintu da ƙannenta haƙuri, Ya raya jikokinki cikin albarka. Mu da kika bari a layin nan, Allah Ya sa mu iya zama da juna bayanki. Amin.