Tsutsar Haƙori a Kasuwar Tambuwal

Kawuna, wan mahaifiyata, mai cire tsutsar haƙori ne. A Kebbe yake zaune, amma duk ranar kasuwar Tambuwal za ka same shi a gindin tsamiya da kaskon garwashi, da tsingaro, da ƙoƙo mai huji, da 'yar jaka cike da 'ya'yan gautan kura. Sana'ar ubansa ce. Mai ciwon haƙori zai durƙusa, Kawu ya ɗora tsingaro mai zafi a kan dutse a tsakiyar ƙwaryar ruwa, ya zuba 'ya'yan gautan da ɗan man shanu, ya kife da ƙoƙo. Mutum ya sa bakinsa a hujin ya sha hayaƙi har idonsa ya kawo ruwa. In an ɗaga ƙoƙon, sai ga wasu fararen abubuwa kamar zare suna yawo a saman ruwa. Su ne tsutsar.

Ni kuwa a lokacin ina makarantar midil a Sakkwato, zamanin Turawa, ina ganin babu wanda ya kai ni sani daga Dogon Daji har bakin gulbi. Malaminmu na tsabta ya taɓa nuna mana a aji cewa babu wata tsutsa a haƙori. 'Ya'yan gautan ne zafi ke fasawa, tsiron cikinsu ya faɗa ruwa. Kogon haƙori, in ji shi, ragowar abinci ke haƙa shi. Da aka ba mu hutu na taho gida da wannan ilimi yana mini ƙaiƙayi a baki.

Ranar kasuwa na tarar da Kawu yana yi wa wani makiyayi aiki, kuncinsa ya kumbura suntum. Mutane sun yi da'ira. Aka ɗaga ƙoƙo, jama'a suka ce, "Kai! Ga su nan!" Da na yi shiru da ba komai. Amma ina! Na kutsa da farin wandona na makaranta na ce, "Kawu, wannan ba tsutsa ba ce."

Ya ɗago ya dube ni yana murmushi. "Mi kaka cewa, ɗan boko?"

Na ce a ba ni tsingaro. Ya ba ni da hannunsa, wallahi, har yana gyara mini garwashi don kada in ƙone. Na zubar da ruwan na sa sabo, na zuba 'ya'yan gauta, na kife, na toshe hujin da yatsa. Babu bakin kowa a wurin. Da na ɗaga, ga su nan fal a kan ruwa.

Dariya ta ɓarke. Wani mai sayar da igiya ya ce ashe ƙoƙon ma ciwon haƙori yake yi. Ni ma na yi dariya, wannan shi ne abin da har yau ba na son tunawa. Na juya ina jiran Kawu ya yi borin kunya ko ya zage ni. Sai na ga ya sunkuya a kan ƙwaryar yana kallo, bakinsa a buɗe. Ya ce, "Sake yi in gani." Na sake. Ya tsamo ɗaya ya murza a tafin hannunsa ya daɗe yana dubawa.

A nan na gane bai sani ba. Na zaci maƙaryaci zan tona, ashe mutumin ya fi kowa yarda da abinsa.

Makiyayin ya riƙe kuncinsa ya ce da ni, "To kai, mi za ka yi min?" Na ce ya je asibiti. Ya tambaye ni wa zai tsare masa shanu. Kawu ya zubar da ruwa, ya kashe wuta, ya tattara kayansa tun azahar ba ta yi ba. Da labari ya kai gida Inna ba ta yi mini faɗa ba, kwana uku dai ba ta kalli fuskata ba.

Bai ƙara zuwa kasuwa da kasko ba. Masu ciwo suna bin sa har gida yana sallamar su, ya koma gona kacokan.

Hutu na gaba Inna ta aike ni Kebbe in gaishe shi. Na same shi a zaure, ya ɗaure haɓarsa da tsumma, gefen fuskarsa ya haye. Matarsa ta ce kwana tara ke nan sai kunu, ta yi ta roƙonsa ya sha hayaƙin ko zai ji dama, ya ƙi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da ƙyar, sa'an nan ya matso, babu zolaya ko kaɗan a muryarsa.

"Malam," ya ce, "a littafinku mi anka ce a yi?"

Malam. Ni da ya goya a kafaɗa. Na lalubi duk abin da ke kaina, na ce an ce a riƙa yin asuwaki bayan cin abinci. Na faɗa wa mutumin da tun da na san shi asuwaki bai taɓa barin aljihunsa ba.

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To, na gode." Ya mayar da hannunsa kan kuncinsa.