Buhun da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Tebur

Ba na jin zan manta da ranar Larabar nan. Mako uku ke nan, amma har yanzu in na ga buhu a ɗaure sai na ja da baya. Sababbin malamai sun dame ni da tambaya, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Sunana Rahila. Ina gama sakandare na sami aikin mataimakiyar malama a wata firamare mai zaman kanta a garin Yara. A tsarin makarantar, ana gwada sabuwar ma'aikaciya wata uku kafin a ba ta takardar tabbatarwa. Dokar da hedimistires ɗinmu, Hajiya Asabe, ta fi nanatawa ita ce ba a karɓar kyauta daga iyayen yara. Wadda na gada doya biyar ta karɓa, aka sallame ta.

Malamar aji uku ta tafi hutun haihuwa, aka bar mini ajin da aikin zangon. Aikin shi ne a raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya karanta ɗan littafi a kan wata dabba, ya rubuta jimla biyar, sannan ya gina mata mazauni a cikin kwali da yashi da ciyawa. Ranar nuni sifeton makarantu zai zo, kuma abin da ya gani shi zai yanke makomata.

Rukunin wata yarinya Ladi damo suka samu. Da safen ranar, kafin a buga ƙararrawa, sai ga wani tsoho ya sauka daga acaɓa da buhu. Kakan Ladi ne, Baba Danjuma, manomi daga Agwada.

"'Yata, ga naki," ya ce. "Ki ajiye inda ba rana."

"Baba, ai ba a yarda mu..."

"Kasuwa zan shiga, sai na dawo." Ya haye acaɓarsa.

Lokacin sabuwar doya ne, iyaye kan yi haka, sai na ɗauka doya ce. Na hango Hajiya tafe, na ja buhun da sauri na cusa ƙarƙashin teburina, na ɗora ƙafafuna a kai.

Ƙarfe goma sifeto ya shigo tare da Hajiya, mutum ne mai tumbi da babban fayil. Rukunin kunkuru suka yi nasu, na bushiya suka yi. Ladi ta miƙe ta fara karanta nata ke nan, sai na ji doyar ta numfasa a ƙarƙashin ƙafata.

Na ce a raina tsoro ne. Sai doyar ta juya.

Wallahi ban san lokacin da na hau tebur ba. Takalmina ɗaya har yau ba a gan shi ba. Bakin buhun ya kwance, damo ya fito, tsawonsa ya kai hannun babban mutum, yana zaro harshe. Hajiya ta yi salati ta maƙale a bayan ƙofa. Sifeto ya haye benci, fayil a ka.

Yaran kuwa ko gezau. Ladi ta ce, "Anti, ki daina ihu, kina ba shi tsoro."

Ni nake ba shi tsoro!

Damon ya sunsuni kwalin da suka gina masa, ya wuce abinsa, ya shige ƙarƙashin kabad.

"Me ya sa ya ƙi gidansa?" in ji sifeto daga saman benci.

"Ba rami, Malam," in ji Ladi. "Hoton littafi muka bi. Kaka ya ce wanda ya zana bai taɓa zuwa gona ba. Shi duhu yake so, kamar tsohon suri."

"Yana cizo?"

"Sai an matsa masa. Da wutsiya yake duka. Kuma yana hawa sama."

Sifeto ya dubi bencinsa. Duk da haka ya ci gaba da tambaya, yara na rige-rigen amsa, har waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba. Ya sa suka gyara jimlolinsu, ya rubuta rahotonsa yana tsaye a wurin.

Bayan ya tafi Hajiya ta kira ni ofis. Fuskarta ba annuri.

"Malama Rahila, ƙadangaren bai dame ni ba. Buhu aka kawo miki, kika karɓa, kika ɓoye. Me kika zaci yana ciki?"

"Doya, Hajiya." Hawaye suka zubo mini. Na riga na fara tunanin abin da zan faɗa wa mahaifiyata.

Sai ga sallamar Baba Danjuma, da ƙullin tattasai da albasa a hannu.

"Kun gama karanta shi?"

"Baba," in ji Hajiya, "a nan ba ma karɓar kyauta."

"Kyauta? Wa ya ba ku kyauta? Kwana uku ina fakon shi! Aro na ba ku, Hajiya. A gida an ɗora tukunya."

Hajiya ta dube shi, ta dube ni, kafaɗunta suka fara rawa don dariya. Ta ce a dokarta babu maganar aro. Ranar Juma'a ta sa hannu a takardata.

Abin da na koya shi ne, iyayen yaranmu ba sa raina aikin makaranta. In ka ce ana karatun abu, abin za su kawo maka da ransa. Don haka ke sabuwar malama, kowane buhu aka miƙo miki, ki tambayi abin da ke ciki tun mai shi bai hau acaɓa ba. Kuma da za a raba dabbobin zango mai zuwa, ni da kaina na roƙi Hajiya a ba rukunin Ladi tantabara.