Na Ce Jininta Ne

A danginmu Farfesa ake ce min, kuma ba yabo ba ne. Tun da na karanta ilimin yadda jikin mutum ke aiki a jami'a, ba a sake cin tuwo a gabana an kwana lafiya ba, sai an ji yadda hanji zai yi da shi. Da na sami aiki a wata hukumar tarayya a Abuja, abin ya ƙaru. Aikina shi ne in bi mujallun binciken lafiya kowane mako, in tsamo sabon abin da aka gano a kan ƙwayoyin halitta da garkuwar jiki, in taƙaita wa ogana a shafi biyu. Shi kuwa oga a kan takardar yake ɗora kofin shayinsa. Tunda babu mai saurarena a ofis, sai na koma sauke kayan a kan dangi.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, da ya zo Abuja neman na kai. Lemo da kankana yake turawa a baro, yana zaune a Karmo, ɗaki ɗaya a wani gidan haya mai cike da mutane. Na girme shi, Yaya yake ce min, amma bai taɓa raga min da tsokana ba. Matarsa mai kunya ce, tana suyar awara a ƙofar gida, ni kuma Amarya nake ce mata har bayan ta haifi 'yarsu ta fari a ƙauye. Na biyu namiji ne, ya zo da shawara, idanunsa suka yi rawaya, kwanansa huɗu ya koma. Na uku kuwa ko kukansa ba a ji ba.

Ni na kai su asibiti a Gwagwalada a motata, kuma ina tsaye likita ta yi bayani. Ta ce akwai wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jini da yawancin mutane ke da ita. Mijin yana da ita, matar ba ta da ita. In jariri ya ɗauko ta uba, jikin uwar yana iya ɗaukar jininsa a matsayin baƙo, musamman daga ciki na biyu. Akwai allurar da ake yi bayan haihuwar fari don kauce wa haka, amma a gida ta haihu, babu wanda ya sani. Sau biyu likitar ta ce ba laifin kowa ba ne. Da yake tana haɗawa da Turanci, taubashina ya juyo ya dube ni. Na ce masa ya bari, zan warware masa komai a gida.

Kwana biyu bayan haka mahaifiyarsa, Gwaggona, ta iso daga ƙauye don gaisuwa. Na je bayan la'asar, na tarar da tsakar gida cike da matan haya, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, kowace ta zo yin jaje. Amarya tana kwance a ɗaki, labule kawai ke tsakaninmu. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai Farfesa, me likitocin suka ce? Abu har sau biyu."

Gaskiya ita ce jiran tambayar nake yi. Ga taro, ga shiru, ga abin da na fi kowa sani a wurin. Har miƙewa na yi.

Na ce, "Gwaggo, kowane jiki yana da sojoji masu tsaron sa. In suka ga baƙon da ba su sani ba, sai su far masa. To jaririn jinin ubansa ya ɗauko, sojojin jinin uwar ba su san shi ba, shi ne suka ɗauke shi abokin gaba suka yi ta fasa masa jini."

Gwaggo ta ɗaga hannu. "Tsaya, ɗan nan. Wato jininta ne ke kashe su?"

A nan ne ya kamata in ce a'a. Kalma ɗaya ce. Amma daɗi na ji wai tsohuwa ta gane darasina, sai na gyaɗa kai na ce, "A kimiyyance, haka ne."

Wata mata ta yi salati a hankali. Na ga labulen ɗakin ya motsa, sannan ya tsaya. Ni kuwa na ci gaba da bayanin allura, ban lura cewa an daina saurarena ba.

Mako uku ban koma ba. Rannan ina ofis taubashina ya kira. Bai ce Farfesa ba, bai tambaye ni ko na ƙirga ƙwayoyin shinkafar da na ci ba kamar yadda ya saba. Ya ce, "Yaya, Inna ta ce in mayar da matata gidansu. Har ta haɗa mata kaya a jaka. Ta ce ba za ta zauna tana kallo ana cinye mata jikoki ba." Ya ce matan gidan sun hana yaransu sayen awararta, wata ma ta fizge jaririnta daga hannunta da ta ɗauka. Ana cewa mayya ce, 'ya'yanta take ci.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce wannan ai jahilci ne.

Ya ce, "To ai kai ka faɗa, Yaya. Kai ne mai ilimin." Ya kashe wayar.

Na shafe kwanaki ina kare kaina a zuciya. Ban yi ƙarya ba, abin da littafi ya ce na faɗa, ba ni na ce mayya ba. Amma duk lokacin da na kai loma bakina sai in ga labulen nan yana motsi. Likitar da ba ta haɗa komai da mu ba ma, ta san ta ce ba laifin kowa ba ne. Ni ɗan'uwansu, wannan ce kaɗai jimlar da na bari a Gwagwalada.

Cikin wannan hali ne, wata safiya ina haɗa wa oga shafukansa, na ci karo da wani bayani a mujalla. Ba sabon abu ba ne ga masana, na ma taɓa wucewa ta kansa, amma ranar ce na karanta shi da gaske. A lokacin goyon ciki, wasu ƙwayoyin halittar jariri suna tsallakawa su shiga jikin uwa, su zauna a jininta da ɓargonta, har da zuciyarta, su yi shekaru masu yawa. Haka abin yake ko da cikin bai zo da rai ba. Masu bincike ba su gama sanin aikin da suke yi a can ba. Na zauna ina kallon kwamfuta, kunya ta rufe ni. Jikin da na tsaya a gaban jama'a na ce yana kashe 'ya'yansa, shi ne ya ajiye su.

Na buga bayanin a takarda, ranar Asabar da hantsi na tafi Karmo da ita a aljihu. A bakin ƙofa wata maƙwabciyarsu da Hausarta ba ta nuna ba ta tare ni. Ta ce, "Oga, matar nan baya cin abinci fa. Tun ranan da ka yi wannan lacca."

Na sami Amarya a lungun da suke girki, tana wanke tukunya. Ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Duk da haka ta durƙusa ta gaishe ni, abin da ya fi zagi zafi a wurina. Na tsuguna nesa kaɗan, na rage murya, na gaya mata abin da na karanta da Hausar da ta fi sauƙi da na iya. Ban ambaci soja ko ɗaya ba.

Ta daina wankin. Ta ce, "Har wanda ban ji kukansa ba?"

Na ce, "Har shi."

Ta ɗora jiƙaƙƙen hannunta a ƙirji, ta daɗe a haka. Na zaci kuka za ta yi, har na fara shirya kalaman rarrashi. Sai ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta danginmu.

Ta ce, "Yaya, waccan maganar a tsakar gida ka yi ta, a tsaye, kowa ya ji. Wannan kuma ka kawo min ita lungu kana raɗa."

Na miƙe na fita tsakar gida. Gwaggo tana kan tabarma tana tsintar wake, jakar kayan tana jingine a bayanta, mata uku suna shanya. Muryar da ta cika gidan ranar jaje ta ƙi fitowa, sai da na yi gyaran murya sau biyu. Na ce a kira sauran matan. Da suka taru na ce musu na yi kuskure. Na ce jininta bai yi laifin komai ba, na mijinta ma bai yi ba, allura ce aka rasa, kuma 'ya'yan da suka rasu har yanzu jikinta yana riƙe da wani abu nasu. Na ce in akwai wanda ya cuci wani a gidan nan, ni ne, da bakina.

Gwaggo ta ce, "To Farfesa, wanne za mu ɗauka? Wancan ma a kimiyyance ka ce."

Na ce, "Ki ɗauki wannan, Gwaggo. Wancan burga ce."

Da sati ya zagayo ita kaɗai ta hau motar ƙauye, aka kwance jakar.

Amarya tana ɗakinta har yau, ta koma suyar awara. Ta karɓi takardar nan daga hannuna duk da ba ta karanta Turanci, ta ce in nuna mata layin, na nuna, ta ninke ta haɗa da katin asibitin yaran. Sai dai akwai mata biyu a gidan da har yanzu ba sa ba ta jariri ta riƙe. Na sha yi musu bayani, sukan ce sun ji, Oga, sannan su gyara goyonsu su wuce. Kuma duk ranar da na je, ita ce ke kawo min ruwa.