Ranar da Na Ari Yara

Cikin duk shekarun da na yi riƙe da alli, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka zo duba koyarwata a wata firamare ta ƙasar Kebbe. Ku da kuka shiga kwaleji da ƙuruciyarku, ku saurara.

Ni sai da na haifi ɗiya fuɗu a Tambuwal sannan na koyi karatun boko a ajin yaƙi da jahilci. Da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ko'ina, malamai suka yi ƙaranci, aka ɗauke ni malamar wucin gadi. Bayan 'yan shekaru aka soma zancen sallamar marasa takarda. Na tattara na tafi kwalejin horon malamai mata neman takardar malanta ta Giredi Tu, ina zama benci ɗaya da sa'o'in ɗiyata, suna ce mini Inna.

A shekarar ƙarshe akan tura ɗaliba wata makaranta ta koyar na 'yan makonni, malami ya zo daga kwaleji ya zauna bayan aji ya ba ta maki. Wadda ta faɗi nan, ko ta cinye jarrabawar takarda, ba ta da satifiket. Ni kuwa an riga an gaya mini ba za a ƙara mini hutun karatu ba. In na faɗi, aikin ma ya tafi.

Mota ba ta shiga ƙauyen da aka tura ni sai ranar kasuwa, don haka ranar mai dubawa zai zo. Ranar kuwa yara ba su zuwa makaranta, wasu na talla, wasu sun kora dabbobi kara, wurin sayar da su. Da safe na ƙirga 'yan ajina, aji ukku, su bakwai kaɗai suka zo.

Hedimasta ya ce in kwantar da hankalina, haka suka saba yi. Ya tsinto masu ƙananan jiki daga aji biyar da shida ya cika mini benci, ya raba musu sunayen rajistata. Ni da ake tsoron bakina, ranar na bar shi ya yi.

Mai dubawa, Malam Bello, na girme shi da kusan shekara goma. Ya zauna baya, na soma lissafin rabawa. Kafin in rufe baki hannuwa sun tashi. Ina nuni ina cewa kai, ke, don ban san sunan ko ɗayansu ba. Bakwai ɗina suna rakuɓe gefe, ban ko dube su ba. Can ya miƙo mini rajista ya ce in kira suna.

Na kira Aminu, wani yaro ya amsa da ƙarfi. Aminu kuwa da idona na gan shi da safe yana bin shanun ubansa. Na rufe littafin, na ce:

"Malam, ɗiyan ga ba nawa ba ne. Bakwai ɗin can su ne nawa, saura aro ne."

"Na sani, Inna," ya ce. "Ɗan aji ukku ba ya amsa rabawa kafin a gama tambaya."

Ya sa aka fitar da 'yan aron, ya duba agogo ya ce saura minti ashirin. Na ɗebo tsakuwa daga waje muka zauna ƙasa. Sau biyu ina kuskure. Da ƙyar, gab da a kaɗa ƙararrawa, wata yarinya Hajo ta raba goma sha biyu gida ukku daidai. Ya rufe fayil ɗinsa ya tafi neman mota, bai nuna mini makin da ya ba ni ba.

Mako shida abinci bai yi mini daɗi ba. Na riga na shirya abin da zan gaya wa maigidana da ya haƙura shekara da shekaru yara na hannun ƙanwarsa. Da sakamako ya fito, na wuce, da maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi.

Daga baya na yi hedimistires, malamai da yawa sun roƙe ni in ara musu yara, ban taɓa yarda ba. Masu dubawa sun san dabarunmu, su ma sun tsaya gaban allo. Kuma abin da ke ba ni kunya har yau ba tsoron da na ji ba ne. Yara bakwai sun bar kasuwa sun zo ajina, ni kuwa na yi rabin darasi ban kira sunan ko ɗaya ba.