Baba Muttaka da Magudanar Lambunmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 13 ga Nuwamba, 2024, ina tsugune ina dashen albasa aka zo mini da labarin rasuwar Baba Muttaka, maƙwabcina a lambun Lamadji, bayan 'yar gajeruwar jinya.

Baba, har yau in na rufe ido ina ganin ka kana tafe a kan kunya, ba takalmi, shebur a kafaɗa, balbelu na tashi a gabanka suna sake sauka a bayanka. Ba ka sauri, ba ka kuma tsayawa.

Lambuna ne a can ƙasa, a kwari. Duk wanda ya kunna injinsa ya jawo ruwan kogin Shari, rarar a wurina take kwana. Shekarar da na fara, na iske fangalina ya cika taf da ruwa, hoton gajimare na yawo a cikinsa, na tsaya ina sha'awa. Ka iso, ka tumɓuke dashe ɗaya, ka kai mini saiwar hanci. Ta yi baƙi, tana wari. Ka ce ƙasa ma numfashi take yi, ni kuwa na toshe mata hanci ina yi mata murmushi. Da ruwan ya janye, kanwa ta taso fari fat, ko ganyen jirjir ya ƙi fitowa.

Ruwan ba shi da mafita sai ta tsakiyar lambunka, inda tumatirinka ya fi kyau. Ban roƙe ka ba, don na san ba abin roƙo ba ne. Wata safiya na tarar ka tsaga wurin da hannunka, tun daga iyakata har gangaren kogi. Matarka, Inna Ramatu, ta yi ta tsiya, wai ta auri manomi ya koma mai gina wa kwaɗi gida. Kai dai dariya ka yi. Kowace shekara kai kake yashe magudanar nan, kana tsokanata cewa ni ɗan boko ne, bayana bai san lanƙwasa ba. Da albasar kwarin nan na ciyar da iyalina.

Ba zan ɓoye ba, Baba, da baƙin cikin rashinka tsoro ya zo mini. Gidaje sun matso mu, masu yanka filaye na zagaye, ɗanka Lukumanu kuwa tela ne a unguwar Moursal, bai taɓa riƙe fartanya ba. In aka cike magudanar, lambuna ya zama tafki. A zaman makoki na kasa ɗaga ido in dube shi.

Washegarin sadakar uku, rana na ɗagowa, na hango mutum a kan kunya, shebur a kafaɗa, balbelu na tashi a gabansa. Tafiyarka ce sak. Lukumanu ne. Ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya ce mini, "Yaya, nuna mini inda Baba yake fara yasa."

Na nuna masa da hannu.

Allah ya jiƙan ka, Baba Muttaka, ya yalwata kabarinka, ya ni'imta shi, ya shayar da kai daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Ramatu, da Lukumanu, da ƙanwarsa Ikilima, da dukan 'yan lambun Lamadji. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.