Inna Zaliha Mai Duba Turame

A da, da hantsi, in ka ga wata dattijuwa tana bin gidajen 'Yargalma da farin ƙyalle a hannu, Inna Zaliha ce. Ba ta zama ko an shimfiɗa mata tabarma. Tana gama gaisuwa sai ta nufi turmi, ta zuba ruwa, ta goge cikinsa, ta ɗaga ƙyallen a rana tana hararar sa.

Ba haka kawai ta zama mai zargi ba. Shekarar da gubar dalma ta kwashe yara, har da jikokinta biyu, don a turmin gero ake daka dutsen zinariya. Da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, kowa ya ce an gama. Ita ba ta yarda ba. Ta tara mata suka tsara: dutse ba ya shiga gida, mai haƙa ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, yaron da ya fara jijjiga a kai shi asibitin Anka ba jira.

Ita ma an zarge ta. Wasu suka ce 'yar rahoton hukuma ce, wasu suka ce hassada ce kawai. Ko gezau.

Ranar sunan jikarta Hafiza aka aro turmi don dakan kunun mai jego. Rahina, maƙwabciyar Inna, ta ba ni labari: har an zuba gero, Inna ta riƙe taɓarya.

"Wanga turmi, mi anka daka ciki nai?"

Ɗanta Makau, uban jaririyar, ya ce, "Haba Inna, an wanke shi hwa. Kak ki kunyata mu gaban baƙi."

"Biyu munka rufe, sun isa."

Ta cusa ƙyallen cikin tsagar turmin, ya fito da yashi mai ƙyalƙyali. Ta sa aka binne geron, aka faskare turmin. Makau ya daɗe ba ya gaishe ta, kuma abin ya yi mata ciwo.

Inna, ke ce kika zaɓi a ji haushinki da a zo miki ta'aziyya. Yanzu ido ya yi rauni, kin miƙa wa Rahina ƙyallen. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Mata, ku yi koyi da ita, ku tambayi inda turmin aro ya fito. Mai jin wannan fitina ce, ya je 'Yargalma da la'asar. Zai ga Hafiza ta taso daga makaranta da ƙafarta, tana jan hannun kakarta zuwa gida.