Telar da Ke Riƙe Kayan Amare

"Ke da kika yi boko ki rubuta wani abu mana, mu kuka kawai muka iya." Ɗanki ne ya faɗa mini haka, Goggo, muna tsaye a ƙofar shagonki, yana ta juya makulli a hannu ya kasa sa shi a kwado. Na karɓa na buɗe. Ga shi kuma ina rubutawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanwar mahaifina, wadda unguwa ta sani da Goggo Mai Keke, ta rasu da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, a asibitin da nake aikin gwajin jini. Ciwon huhu ne ajalinta. Ta bar ɗa guda, jika guda, da suruka mai cikin wata bakwai.

Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa ke mai haƙuri ce. Ban musa musu ba, gidan makoki ba wurin gardama ba ne. Amma ni na san ki da faɗa, kuma faɗan nan nake kewa. Ke ce kike ɗinka mini kayan makaranta da tsawon da zai kai ni shekara uku, in na yi ƙorafi ki ce, "Girma za ki yi, ko kin fasa?" Da na fara aiki kika raɗa mini suna Likitar Kwalabe, wai ba ki taɓa ganin likitan da marasa lafiyarsa duk a cikin firji suke ba.

Bayan ɗanki na fari kin yi ciki huɗu, ba wanda ya zauna. Biyu sun mutu a ciki da watanni suka yi nisa, biyu sun zo rawaya kamar an shafa musu kurkum, ba su kai suna ba. Mutane ba sa rasa bayani. Wanda ya fi shiga ranki shi ne na wata tsohuwar tela da ta ce taka keken ɗinki ne ke girgiza mahaifa. Kika yarda. Duk sanda kika samu ciki sai ki lulluɓe keken da zane, ki sallami masu ɗinki, ki kwanta wata da watanni kina kallon rufin ɗaki. In an yi rashin, ki tashi ki yaye zanen, ki ci gaba da aiki da abin da kike ganin shi ya kashe miki 'ya'ya, domin da shi ake cin abinci.

Ina shekara ta biyu a jami'a aka ba mu aikin gwada jinin 'yan uwa, na zo na tsira miki allura. Naki ya fito irin wanda ake kira negetif. Na ɗauki allin da kike zana yadi, na yi miki bayani a kan teburin yanka. Jiki yana da garkuwa, masu gadi ne da ke korar duk baƙon da ba su sani ba. Jinin mijinki yana da wata alama da naki ba shi da ita, ɗanki na fari ya gado ta. Ranar haihuwarsa jininsa ya ɗan gauraya da naki, masu gadin suka riƙe kamanninsa. Duk ɗan da ya biyo baya da wannan alama, sai su far wa jininsa tun yana ciki. Allura ce ake yi wa uwa, a lokacin ciki da kuma bayan haihuwa, ta hana su riƙe kamannin tun farko.

Kika ƙura wa zanen allin ido. Sannan kika ce, "Allurar nan, yaushe aka ƙirƙiro ta?"

Na ce tun kafin a haife ni.

Ba ki yi kuka ba. Kika juya kika dafa keken, kika ce, "Ashe bawan Allah ba shi da laifi." Kika ɗauko mai kika bi gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na tuna ranar nan abin da ke cin raina shi ne, duk asibitocin da aka kai ki a shekarun nan ba a samu wanda ya ɗiga jininki a kan gilashi ba. Aikin da ɗalibi ke yi kafin shayinsa ya huce.

Daga nan kika kafa dokar da ta kusa kashe miki kasuwa. Duk amaryar da ta kawo ɗinki za ki ɗinka, ki goge, ki rataye inda za ta riƙa hangowa, amma ba za ta taɓa ba sai ta je an gwada jininta ta zo ta faɗa miki. Iyayen amare sun zage ki. Wata ta ce, "Tela muka zo nema ko malamar asibiti?" Kika ce, "Hajiya, tela ce, shi ya sa almakashi ke hannuna, ki yi magana a hankali." Wasu sun koma wani shago, kika ce ke ba za ki ce Allah ya raka taki gona ba, su dai su je lafiya. Yawancinsu sun je gwajin suna tsaki, ni kuma na sha ganin su a layinmu da lalle a hannu da fushi a fuska, ba sai na tambaye su wa ya turo su ba.

Dokar ba ta tsallake gidanki ba. Da ɗanki ya kawo wadda zai aura, jininta ya fito irin naki. Dangi suka fara ƙus-ƙus cewa a sake shawara. Kika ce, "Wannan ai tawa ce, Allah ne ya aiko mini ita." Ranar da ta haifi 'yar fari kika zauna a ƙofar ɗakin haihuwa da jakarki a cinya, kika hana ma'aikata sakat har aka yi mata allurar a gabanki. Amma ciki na biyu kike jira. Kin sha cewa na farko kowa na iya haifa, ke ma kin haifa.

Garkuwar nan ba ta bar ki ba. Da kika manyanta ta juya kan gaɓoɓinki, yatsunki suka kanannaɗe har zare ya gagare ki sa wa allura. Maganin da aka ba ki ya kwantar da ita, kika samu sauƙi, sai ciwon huhu ya tarar da ƙofa ba mai gadi. Na karanta wannan a littafi, na ci jarrabawa a kansa da maki mai kyau. Bai amfane ni da komai ba a gefen gadonki. Kika janye robar iska daga bakinki kika ce mini, "Allurar Amarya. Wata bakwai." Matar ɗanki kike nufi. Wasiyyar ke nan. Wata biyu ya rage ki ga abin da kika jira shekara talatin, ba ki kai ba.

Allah ya jiƙan ki, Goggo, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da huɗun nan da ba ki goya ba. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanki da matarsa, ga mahaifina da ya rasa abokiyar faɗansa, ga duk dangi, da matan da suka taɓa yi miki tsaki a kan riga, yau suna goye da ɗa na uku. Allah ya ba mu haƙuri.

Yau ne ranar allurar. Matan da ke zaman makoki suka ce ba a ga dalilin da mai ciki lafiyayya za ta bar gidan rasuwa ta tafi asibiti ba, a bari a kwana biyu. Na ce musu sun yi gaskiya, na kama hannun Amarya na sa ta a mota. A hanya muka tsaya a shago. Akwai rigunan amare biyu a rataye, ɗanki ya tambaye ni ko a aika wa masu su.

Na ce, "Su zo da kansu, da sakamakon gwaji."

Ya yi dariya, karon farko tun Talata, sai dariyar ta koma kuka. Na lulluɓe keken saboda ƙura, na ja ƙofar na datse kwado, na miƙa masa makullin. Amarya tana jira na a mota.